Gashin Jimina da Fuskokin Makiyaya: Damargu a Mujallun Ado

Tun kafin mai hoto na farko ya kafa na'urarsa a ƙasar Damargu, kayan Damargu sun riga sun shiga mujallun ado na Turai. Gashin jimina ne ya fara yin wannan tafiya. A ƙarni na 19, ƙasar nan ta arewa da Damagaram, wadda yau ta ƙunshi gundumomin Tanut da Belbeji, ita ce rumbun geron Abzin, kuma zangon da ayarin Buzayen Kel Ewey ke sauke kaya tsakanin Agadas da Kano. Hausawa da Dagera masu jin Barbarci ke noma geron, Buzaye ke riƙe da hanya, fatake na zuwa daga Gadamas da Tarabulus. Ta nan matafiyan Turai James Richardson da Heinrich Barth da Adolf Overweg suka biyo, har suka rabu a Tagelel a watan Janairun 1851: Richardson ya nufi Damagaram, Barth ya yi Tasawa da Katsina da Kano, Overweg ya ɓalle wajen Gobir da Maraɗi. Abin da ya isa Turai daga tafiyar tasu rubutu ne da zanen hannu.

Bayan wucewarsu da kamar shekara ashirin, matan Landan da Paris suka kamu da son gashin jimina a kan hula da mafici da wuyan riga. Dajin Damargu kuwa a lokacin akwai jimina, maharba na bin ta, wasu gidaje ma na kiwonta suna fige ta. Sai a ɗaure gashin dami-dami, a ɗora wa raƙumi tare da ƙirgi da hauren giwa, a bi ta Abzin da Gat har Tarabulus, tafiyar watanni. Daga can jirgin ruwa ya ɗauka. A Paris akwai masu sana'ar da ba su da wani aiki sai wanke gashin da rina shi da murɗa shi. Daga hannunsu ya hau kan hular wata mai hali, a zana ta a La Mode illustrée ko Harper's Bazar, daga baya kuma, da mujallar Les Modes ta fito a 1901 tana buga hotunan sutudiyon Reutlinger, a ɗauke ta hoto na gaske. A ƙarƙashin hoton akan sa sunan mai ɗinkin hula da na mai hoto. Maharbin da ya yini cikin ƙaya da madugun da ya ratsa hamada ba sa cikin lissafi, kuma babu wanda ya ga hakan a matsayin rashi.

Mafi yawan gashin da ke kasuwar duniya a lokacin daga gonakin jimina na Oudtshoorn a Afirka ta Kudu yake fitowa, amma wanda ke bi ta Tarabulus ya fi cika da sheƙi, masu saye sun san da haka. Abin ya dami gwamnatin Afirka ta Kudu har a 1911 ta turo tawaga ƙarƙashin Russell Thornton don ta nemo tsuntsun da ke ba da wannan gashi. Suka sauka Kano, bincikensu ya nuna musu ƙasar da ke hannun Faransa wajen Damagaram, Faransawa kuma suka hana fitar da jimina mai rai. Duk da haka suka tara fiye da ɗari, suka isa da su Cape Town a 1912. Ba su ci moriyar wahalar ba. A 1914 kasuwar gashin ta faɗi warwas: yaƙin duniya ya ɓarke, babbar hula ba ta zama a kai cikin buɗaɗɗiyar mota, yayi ya juya. Kafin nan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya karya hanyar Tarabulus, ga kuma yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Mutumin Gangara ko Jajiduna bai taɓa ganin shafin mujallar da ta ɗaga farashin gashinsa ba, haka nan bai ga wadda ta kayar da shi ba.

Na'urar hoto ta shigo tare da bindiga. Ayarin sojan Foureau da Lamy ya sauko daga Abzin ya ratsa Damargu a ƙarshen 1899, ya shiga Damagaram a farkon Nuwamba, kuma hotunan tafiyar sun fito a littattafan da Foureau ya buga a Paris. Bayan an murƙushe yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917, Angus Buchanan ya bi hanyar daga Kano zuwa Abzin a 1920, ya dawo a 1922 da mai ɗaukar sinima, T. A. Glover, da Francis Rodd wanda ya rubuta littafi a kan Abzinawa. Waɗannan hotuna ne na mai mulki da mai bincike: a tsayar da mutum, a ɗauke shi ta gaba da ta gefe, a rubuta sunan ƙabilarsa.

Inda harkar ta fara haɗuwa da duniyar ado shi ne ƙarshen 1924, lokacin da motocin Citroën takwas masu ƙafar sarƙa a baya suka iso Damagaram, wadda a lokacin ita ce hedikwatar mulkin mallakar Nijar. Talla kamfanin yake yi wa motarsa, don haka ya taho da mai sinima, Léon Poirier, da mai zane ɗan Rasha, Alexandre Iacovleff, wanda ya zana Sarkin Damagaram da manyan fadawan ƙasar Hausa. Hoton da ya fi kowanne tasiri a tafiyar can cikin Kwango aka ɗauke shi: wata mata daga ƙabilar Mangbetu, Nobosudru, ta juya gefe, kitsonta ya buɗe a bayan kai kamar faifai. Hoton ya hau allunan tallar fim ɗin tafiyar a 1926, masu ɗinkin hula na Paris suka kwaikwayi siffar. Daga nan masu mujallu suka gane cewa fuskar Afirka, idan an yanke ta daga jikinta da garinta an sa ta ita kaɗai a shafi, tana sayar da kaya.

Waɗanda wannan darasi ya fi faɗa wa a Nijar su ne Woɗaaɓe, Fulanin da Hausawa ke kira Bororo. Sun hauro arewa daga ƙasashen Sakkwato da Katsina da Borno a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, suna neman makiyaya mai faɗi ga jajayen shanunsu masu dogon ƙaho, kuma arewacin Tanut da Tarka da Tenhiya na cikin wuraren da suka kafa rijiyoyi da mashekari. Henry Brandt, ɗan Suwizalan, ya zauna da su ya fitar da fim ɗin Les Nomades du soleil a 1954, ya bi shi da littafin hotuna a 1956. Marguerite Dupire ta buga babban nazarinta a kansu a 1962. Littafin Dupire ya yi maganar dangantaka da aure da gadon shanu, masana suka karanta. Hotunan Brandt kuwa kowa ya kalla, kuma abin da ido ya riƙe shi ne samari a jere, fuska a shafe, ido a zare, haƙora a waje.

Ya kamata a tsaya a kan wannan kwalliya, don ita ce asalin aikin fasahar da ake magana. Idan damina ta ja baya, ciyawa ta wadata, nono ya yi yawa, wata zuri'a kan kai wa wata ziyarar biki na kwana bakwai, a yanka bijimi, a sabunta zumunci. Saurayi kan kwashe sa'o'i a zaune da ɗan madubinsa a hannu. Ya aske gaban goshi don fuska ta ƙara tsawo. Ya shafa garin ƙasa rawaya in rawar yaake ce, ja in geerewol ce. Ya ja layi daga goshi ya bi karan hanci har haɓa, don hancin ya miƙe a idon mai kallo. Ya zizara kwalli, ya baƙanta leɓe, don farin ido da farin haƙori su fito. Ya ɗiga ado a kumatu. Ya ɗaura walki, ya sa doguwar riga mai surfani wadda mata suka kwashe watanni suna yi, ya rataya layu da duwatsu, ya soka gashin jimina a ka. Abin da kasuwa ta kawo ma ba ya wuce shi: zif, kwaɗo, madaurin agogo, tabarau, duk yana iya mayar da su ado, kuma ya san inda kowanne zai zauna. Sannan su jeru kafaɗa da kafaɗa da la'asar, rana na dukan fuskokinsu, babu ganga babu kalangu, muryoyi ne kawai ke hawa kan juna, suna ɗagawa a kan yatsun ƙafa don tsawo ya bayyana. Tsofaffin mata na yaba wanda ya yi, suna yi wa wanda ya gaza ba'a. A ƙarshe ƴan matan da aka zaɓa su fito, ido a ƙasa saboda kunya, su nuna gwani da hannu.

Duk wanda ya taɓa buɗe mujallar ado ya san ɗan rubutun da ake sawa a gefen hoto: sunan mai hoto, sunan wadda ta tsaya, wanda ya yi kwalliya, wanda ya gyara gashi, wanda ya zaɓi tufafi, gidan da ya ɗinka. Mutum shida ko bakwai, kowa da sunansa da ladansa. A hoton geerewol duk waɗannan ayyuka saurayin ne ya yi su, shi da ƴan uwansa mata. Shi ya zaɓi launi, shi ya san lokacin da hasken rana ke yi wa fuska kyau, shi ya ƙware wajen juya ido da rawar leɓe. Mai hoto ya tarar da aiki a kammale, nasa shi ne ya tsaya inda ya dace ya danna a kan kari. Ban raina wannan ba, gwaninta ce, kuma akwai waɗanda suka iya ta ƙwarai. Amma suna ɗaya ne ke fita a gefen shafin, kuma a ganina wannan rashin adalci ne da ya daɗe har aka daina ganinsa.

A shekarun 1960 da 1970 manyan mujallu suka buɗe ƙofa sosai ga irin wannan hoto. Irving Penn ya je Dahomey a 1967 da Kamaru a 1969 da Maroko a 1971 domin Vogue, yana kafa tanti a matsayin sutudiyo, yana shigar da mutane ciki ya ɗauke su a gaban labule marar ado, yadda babu gida babu gona a bayansu. Yves Saint Laurent ya fitar da tufafin da ya danganta da Afirka a 1967. Leni Riefenstahl ta buga hotunan Nuba na Sudan a 1973, Susan Sontag ta yi mata raddi mai zafi a 1975. A wannan shekarar ce mai hoto Peter Beard ya kai Iman, wadda daga baya ta yi fice a tallar tufafi, birnin New York, aka shaida wa ƴan jarida cewa makiyayiya ce da aka tsinto a daji, alhali ɗalibar jami'a ce a Nairobi, ɗiyar jami'in diflomasiyyar Somaliya, mai jin harsuna da dama. Kasuwar na son kyan makiyayi har ta kai ana ƙirƙira shi idan ba a samu ba.

Cikin wannan yanayi littafin Nomads of Niger ya fito a New York a 1983, hotuna na Carol Beckwith ƴar Amurka, rubutu na Marion van Offelen ƴar Beljiyam. A watan Oktoban shekarar mujallar National Geographic ta buga labarin Beckwith da hotunanta, ta kai su gidaje miliyoyi. Gaskiya ce a faɗa cewa matan nan biyu ba ƴan yini ɗaya ba ne. Sun daɗe tare da iyali guda, sun bi ƙaura, sun ɗauki jan ruwa a rijiya da raɗin suna da jeren ƙorai na mata. Sai dai littafi daban, abin da duniya ta tsinta daga cikinsa daban. Fuskokin rawa ne aka yi ta maimaitawa a kalanda da katin gaisuwa da takardun kamfanonin yawon buɗe ido. Ƙananan mujallu kuma suka ɗora nasu: gasar kyau ta maza, bikin satar mata. Woɗaaɓe suna da auren da iyaye ke ƙullawa tun ƙuruciya cikin dangi, suna da wanda mace ke bin wanda ta zaɓa daga wata zuri'a, kowanne da ƙa'idarsa da rigimarsa da sulhunsa. Kanun labari ba shi da wurin wannan bayani.

Shekara ɗaya bayan fitowar littafin damina ta ƙi. Farin 1984 ya zo wa mutanen da ba su gama farfaɗowa daga na 1973 ba, kuma ya zo daidai lokacin da gwamnatin Buhari a Najeriya ta rufe iyaka, shi ya sa a Nijar aka sa wa yunwar suna El Buhari. Damargu na cikin inda abin ya fi muni. Shanu suka zube, makiyaya suka taru a bakin garuruwa suna jiran rabon hatsi. Samarin da duniya ke kallon haƙoransu a takarda mai sheƙi suka gangara Damagaram da Yamai da Kano suna gadi, matansu na kitso da sayar da magani. Masu hoto sun sake zuwa, amma wasu ne daban, kuma shafin da suke cikawa daban ne. Haka aka sake yi a 2005. Tsawon shekaru ƙasar nan hoto iri biyu take da shi a jaridun waje, na rawa da na yunwa. Manomin gero na Olelewa, da Buzuwar da shunin turkuɗin Kura ya rine mata fata, da amaryar Bahaushiya da lallenta, da maƙerin azurfa, da cincirindon kasuwar dabbobi ta Belbeji, ba su dace da ko ɗaya daga shafukan biyu ba, sai aka wuce su.

Da Werner Herzog ya fitar da fim ɗinsa a kan Woɗaaɓe a 1989, ya nuna ɓarnar farin, ya nuna waɗanda suka koma tsince-tsince a gefen garin ma'adinai. Amma a kan fuskokin masu rawa sai ya ɗora tsohuwar waƙar coci ta Turai. Mutanen da waƙarsu ce ƙashin bayan bikinsu, aka rufe musu baki aka ba su muryar wani. Kafin shi Robert Gardner na jami'ar Harvard ya yi nasa fim ɗin, Deep Hearts.

Mafi yawan hotunan da suka yi suna an ɗauke su ne yamma da Damargu, wajen Abalak da Ingal, inda hanyar yuraniyom ta Tawa zuwa Arlit ta sauƙaƙa wa baƙo zuwa, inda kuma ake taron shan gishiri na shekara. Amma abin da hoton ya haifar ya shafi dangi duka. Woɗaaɓe ba yara ba ne, sun ga abin da baƙo ke nema, sun kuma ga cewa garke ya ƙare. Wasu suka fara tsara rawa a lokacin da motocin ƴan yawon buɗe ido za su iso, suna karɓar kuɗin hoto. Wasu suka koyi ƙera sarƙa da awarwaro, mata na surfani don sayarwa. Wasu suka kafa ƙungiyoyi, suka yi amfani da abokan da kyamara ta kawo musu wajen neman rijiya da makaranta. A 2004 mawaƙan Woɗaaɓe da na Buzaye suka haɗu suka kafa Etran Finatawa, suka zaga duniya da kwalliyar yaake a kan dandamali. Akwai masu cewa an sayar da al'ada. Ni dai ban ga laifin wanda aka daɗe ana cin kasuwa da fuskarsa ba idan ya ce shi ma a ba shi nasa kason.

A watan Nuwamban 1998 ado da kansa ya zo hamada. Alphadi, mai zayyana tufafi wanda aka haifa a Tumbutu a 1957 ya tashi a Nijar, ya shirya bikin nunin tufafi na FIMA na farko a gindin tsaunin Tigidit, kudu da Agadas, ƙasar da mai tafiya daga Tanut ta Adarbisinat ke ratsawa. Shekara uku ke nan da sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1995 da ƴan tawayen arewa, gwamnatin Ibrahim Ba'are Mainasara kuma ta mara masa baya don a nuna arewa ta lafa. Gidajen ɗinki na Paris suka zo, Oumou Sy ta Senegal da Pathé'O na Abijan suka zo, masu hoton mujallu suka cika wurin. Bambancin wannan karo shi ne ɗan ƙasa ne ya kira taron, sunansa ne a kan tufafin, kuma azurfar Agadas da surfani da saƙar gida sun fito a matsayin aikin masu sana'a da za a saya a biya. Duk da haka, a yawancin hotunan raƙumi da mai rawani a baya suke, suna cika shafi.

Karo na biyu, a Yamai cikin Nuwamban 2000, ya gamu da fushin ƙungiyoyin addini. An yi zanga-zanga a Yamai, a Maraɗi ta kai ga ƙone-ƙone, gwamnati ta rusa wasu ƙungiyoyin. Ƙona dukiyar mutane ba shi da hujja. Amma tambayar da ke ƙarƙashin rigimar ta gaske ce, kuma ba malamai kaɗai ke yin ta ba: jikin wa za a nuna, ga wa, kuma wa ya yarda? Ƙasar da mace ke rufe fuska da gefen mayafi idan baƙo ya ɗaga kyamara, ƙasar da Bafulatani ke ɗaukar kunya a matsayin rabin mutunci, tana da nata ma'aunin abin da ya dace ido ya gani. FIMA ta ci gaba, UNESCO ta naɗa Alphadi jakadan zaman lafiya ta fannin fasaha a 2016.

Akwai wani tarihin hoton ado da ya tafi kafaɗa da kafaɗa da wannan, wanda a cikinsa mai tsayawa gaban kyamara shi ke biya, shi ke zaɓar tufafinsa, shi ke tafiya gida da hoton. Tarihin sutudiyo ke nan. Seydou Keïta ya buɗe nasa a Bamako a 1948, mata na zuwa da mafi kyan zanensu da zinarensu. Malick Sidibé ya bi samari gidajen rawa. A Yamai Philippe Koudjina ya ɗauki daren birnin a shekarun 1960 da 1970. A Najeriya J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara kusan dubu. Shi kansa Keïta, da aka nuna hotunansa a New York a 1991, an rubuta cewa ba a san mai ɗaukar ba, sai da André Magnin ya bi sawu har Bamako ya same shi. Daga baya duniya ta rama: aka fara taron masu hoto na Bamako a 1994, Sidibé ya karɓi babbar lambar Venice a 2007, mujallar New York Times ta ba shi aikin hoton tufafi a 2009, ya yi shi a sutudiyonsa da mutanen garinsa.

Ƙaramin sutudiyon garuruwa irin Tanut ɗan wannan gida ne, ko da babu wanda ya kai shi baje koli. Labule mai zanen bene ko lambu, furen roba, kujera ɗaya. Ranar Salla ƴan mata su zo da anko, ango da abokansa su zo da babbar riga, makiyayi ya shigo don hoton katin ɗan ƙasa ya ƙara da na tsaye riƙe da sanda da rediyo. Salon tsayuwa kuma yana da inda ake koyonsa. Masu karatun Faransanci suna da Amina, mujallar mata da aka kafa a Dakar a 1972. Masu Hausa kuwa sai da finafinan Kano suka bunƙasa: Tauraruwa ta fito a 1998, Ibrahim Sheme ya fara Fim a 1999, fostoci da kalandun ƴan wasa suka bi kaset suka haura iyaka. Daga nan ne ɗaurin ɗankwali da zanen gira da karkata kai suka riƙa yawo tsakanin Kano da Damagaram, cikin sutura da iyaye za su iya kallo.

Masana ma sun juyo da ido kan hoton kansa. Mette Bovin ta buga littafi a 2001 a kan yadda Woɗaaɓe ke renon kyau. Kristín Loftsdóttir ta yi rubutu a kan yadda Turai ke kallonsu da yadda masu ci-rani cikinsu ke rayuwa a birni. Sandrine Loncke ta mayar wa bikin da muryarsa a fim ɗinta na 2010 da littafinta na 2015, inda waƙar ce kan gaba. Florian Köhler, wanda ya yi aikinsa cikin zuri'ar Gojanko'en na Damargu da Kutus, ya buga nasa a 2020, yana nuna mutanen da ƙafarsu ɗaya ke daji ɗaya ke gari. A fitowar watan Afrilun 2018 shugabar editocin National Geographic, Susan Goldberg, ta amsa a rubuce cewa mujallar ta shafe shekaru tana nuna mutanen da ba farare ba ta hanyar wariya.

Lokacin da wannan amsa ta zo, baƙin masu hoto sun riga sun ja baya daga arewacin Nijar. Tawayen 2007 zuwa 2009 da sace Turawa a Arlit a 2010 sun kashe yawon buɗe ido, wasu masu neman geerewol suka koma Chadi. Wayar salula ta cike gurbin. Yau saurayin da ya gama kwalliya abokinsa ne ke ɗaukarsa, a tura wa ɗan uwa da ke gadi a birni ta WhatsApp, a kalla a yi gardama kan wanda ya fi. Hotuna ne marasa tsari, wayar na iya faɗawa rijiya ta tafi da su, amma duk wanda ke ciki an san sunansa da na ubansa.

Tsofaffin hotunan kuwa suna Suwizalan da Paris da Amurka, cikin littattafai masu tsada da harsunan da masu fuskokin ba sa karantawa. Samarin da aka ɗauka a farkon shekarun 1980 yanzu sun haura sittin, na zamanin Brandt kaɗan ne za su rage. Jami'ar André Salifou ta Damagaram da gidan tarihin jihar suna iya neman kwafin waɗannan hotuna daga masu riƙe da su, a ɗora a waya ko a wanke a takarda, a bi rijiyoyin Tenhiya da Tarka da Adarbisinat har Ingal da Abalak ana nuna wa dattawa, a rubuta wane ne wannan, ɗan wace zuri'a ne, wace ce ta yi masa surfanin rigar.